Fasaha a Gida: Tartsatsin hunturu da kayan cikin kwamfuta



Kwanakin baya ɗan yayata ya kira ni, muryarsa kamar zai yi kuka. Wata bakwai ya yi yana tara kuɗi, yana sayen kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya don ya haɗa da hannunsa. Ya haɗa, ta tashi, amma kullum sai ta sandare ko ta mutu ta sake tashi da kanta. Da na je na tambaye shi inda ya yi aikin, sai ya nuna mini kafet ɗin falo. Da safa a ƙafarsa, da rigar sanyi ta nailan a jikinsa, ga shi tsakiyar hunturu. Muka yi ta gwaji har muka gano ɗaya daga cikin RAM ɗinsa biyu ta lalace. Ba zan rantse cewa shi ya kashe ta ba, don wani kayan da aibinsa yake zuwa daga kasuwa. Sai dai duk abin da ake hanawa ya yi shi.

Duk wanda ya taɓa jan bargo cikin duhu a watan Janairu ya ga tartsatsi, ko ya kama marfin mota ya ji tsat a yatsa, ya san abin da nake magana a kai. Wuta ce da ke taruwa a jikin mutum idan tufafi ko tafin ƙafa suka gogi wani abu. Da damina laimar iska takan kwashe ta a hankali. Da hunturu kuwa iska ta bushe ƙayau, wutar ba ta da hanyar fita, sai ta jira ƙarfen farko da ka taɓa.

Ga inda gizo ke saƙar. Mutum ba ya jin wannan fisga sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali wasu ƙananan sassan lantarki ƙasa da bolt 100 ma ya isa ya illata su. Wato kana iya ƙona firosesa ko RAM ba ka ji komai ba, ba ka ga komai ba. Wani lokaci kuma ba ya kashe kayan nan take, rauni yake yi masa, sai bayan makonni matsala ta fara ɓullowa, a ɗora wa mai shago laifi.

Maganin ba shi da tsada. A yi aikin a kan teburin katako, ƙafa babu safa a kan siminti ko tayil, a sa tufafin auduga. A kawar da leda da soson da ake cusawa a kwali daga kan teburin. Kowane kaya ya zauna cikin jakarsa mai ruwan azurfa har sai an zo sa shi, kuma idan za a ɗauka a riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoran nan masu ruwan zinariya. Babban allon kwamfuta a ɗora shi a kan kwalinsa. Kada a jona masa wuta yana kan jakar nan, don bayanta na iya ɗaukar lantarki.

Akwai kuma igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu, a maƙala bakinta a ƙarfen akwatin kwamfutar, wurin da babu fenti. A cikinta akwai abin da ke rage gudun wuta, shi ya sa ba na son dabarar ɗaura wayar jan ƙarfe tsirara a madadinta. Wanda ba shi da ita, ya riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ya ɗauki kowane kaya, da duk lokacin da ya tashi ya dawo.

Wasu na cewa a bar filogi a jikin soket a kashe makunni, don wutar ta bi wayar ƙasa ta wuce. Dabarar tana aiki ne idan gidan yana da wayar ƙasar da gaske, kuma mun san yadda wayarin yawancin gidajenmu yake. Ni dai nakan ce a zare filogin gaba ɗaya.

Iyaye, abu ɗaya da za ku sa ido a kai: akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, wanda igiyar soket ke shiga cikinsa, kada yaro ya kwance shi ko don share ƙura. Yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. Tartsatsin jiki kaya yake lalatawa, wannan kuwa mutum yake kamawa.

Shi ɗan yayar tawa yanzu yana lallaɓawa da RAM ɗaya, ya kuma koma tarin kuɗin ta biyu.