Farar Hoda Mai Kama Iska: A Yi Murna, Amma da Lura

Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon dayoksaid da ke sararin samaniya ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba. A shekarar 2024 kuwa ta haura 420. Wannan ƙari shi ne ummul-haba'isin ɗumamar duniya, shi ya sa masana suka duƙufa neman abin da zai cafke iskar tun a bakin bututun hayaƙi.

Cikin abubuwan da ake gwadawa akwai wata farar hoda mai suna magnesiyam oksaid. Idan ta haɗu da kabon dayoksaid a zafin da ya kai kimanin digiri 300, sai su rikiɗe su zama magnesiyam kabonet. Bisa lissafi, giram 1 na hodar yana iya riƙe kusan giram 1.1 na iskar. In an ƙara wuta zuwa wajen digiri 450, sai ta saki abin da ta kama, a tara shi, ita kuma a mayar da ita bakin aiki. Takwararta ta kalsiyam sai an kai ta kusan digiri 900. Ɗalibin ilmin halittu ba zai yi mamaki ba, domin magnesiyam ɗin nan ne ke tsakiyar koren sinadarin ganye.

To amma lissafin takarda dabam, aiki dabam. Da zarar hodar ta fara kamu, sai kabonet ya yi mata ɓawo kamar ƙanzo, ya hana iska shiga ciki. Masana sun gano cewa lulluɓe ta da narkakken gishirin naitiret yana buɗe wa iskar hanya, sai dai ƙarfinta kan ragu bayan an juya ta sau da yawa.

Akwai kuma abin da masu yabonta ba su cika faɗa ba. Galibin hodar daga dutsen magnesait ake samo ta, ta hanyar gasa shi, gashin kuwa kabon dayoksaid yake fitarwa. Ke nan da bashi take fara aiki, ba ta biyansa sai an yi amfani da ita sau da dama. Idan kuma da kwal aka hura wutar da za ta sa ta saki iskar, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saboda haka wurin da ya dace da ita shi ne masana'antu irin na siminti, inda dutsen da ake gasawa da kansa yake fitar da iskar, ko da wane makamashi aka yi aiki. Tashar lantarki kuwa tana da mafita mafi sauƙi: ta koma ga hasken rana ko ƙarfin ruwa.