Filin Mata: Kifin Kirki Daga Uba Yake Farawa

Yanzu da yawa cikinku kuna kiwon tarwada a gida, amma kukanku ɗaya ne: a sayo 'ya'yan kifi da tsada, kafin mako biyu rabi sun mutu. Sau da yawa akan ɗora wa ruwa laifi, ko uwar. To, ku sani uban ma yana da nasa rabo.

Tarwadar da ake kiwo a tanki ba ta hayayyafa da kanta. Sai an yi wa macen allura, bayan kamar awa 12 a matsa cikinta ƙwai su zubo cikin busasshen kwano, sa'an nan a zuba musu maniyyin namiji.

A wasu kifaye, matsa cikin namijin kawai ake yi ya fito. Wannan hanya tana da sauƙi, kifin kuma ba ya mutuwa, amma fitsari yakan gauraya da shi ya raunana shi. Namijin tarwada kuwa ko an matsa ba ya bayarwa. Dole a yanka shi, a ciro marainansa, a goge jini, a tsattsaga su da sabuwar reza. Gwanaye sukan yi masa fiɗa su ɗinke, don kada a yi asarar uba nagari.

Ga abin lura. Da zarar ruwa ya taɓa maniyyin sai ƙwayoyinsa su farka, cikin kamar minti 1 ƙarfinsu ya ƙare. Saboda haka hannu, kwano da reza duka su zama busassu. Idan za a jira macen, sai a tsarma shi da ruwan gishiri, giram 9 cikin lita 1, a ajiye a firji, ban da wurin ƙanƙara. Mai kyau fari ne kamar madara. Wanda ya yi tsararo ko ya yi ja, ƙwai da yawa ba za su ƙyanƙyashe ba.

Don haka, uwargida, kafin ki miƙa kuɗinki ki tambayi mai ƙyanƙyasa: ubannin sun shekara? Namiji nawa ya haɗa? Ba 'yan uwa ɗaya ba ne da macen? Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin tambaya ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe darasin kimiyya da kyau, ga amfaninsa har cikin tukunyar miya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.