Kuɗin da ke cikin waya, dawar da ke kasuwa

'Yan kirifto sun dame mu da maganar sauri. Kullum sai ka ji wani saurayi yana wa'azi cewa an ƙirƙiro sabon bulokcen, wato kundin ciniki da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, wanda ke tabbatar da biya cikin daƙiƙa biyu. Wai Bitcoin ya tsufa, tunda sai an jira kusan awa guda kafin a ce ciniki ya faɗa. Ethereum ma sai minti 13. Yanzu kuma ana gina "gadoji" don kuɗi su tsallaka daga wannan kundi zuwa wancan. To madalla. Ni dai tambayata ɗaya ce: ciniki ya faɗa a wurin wa?

Mu je Sudan, inda 'yan'uwanmu suke tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi gabas da jama'arsa har suka kafa Maiurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Jikokinsu da sauran Hausawan ƙauyukan Jazira su ne masu noman dawa da riɗi da gyaɗa, wasu a hawashar wani suke ƙwadago.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasar a Khartoum ta tsaya. Mai kuɗi a Bankak na Bankin Khartoum ya daɗe ba ya iya tura wa mai Fawry na Bankin Faisal, alhali ƙasa ɗaya, fam ɗaya, wataƙila ma layi ɗaya a kasuwa. Wannan ita ce gadar da ta karye, kuma babu ruwan bulokcen a ciki. A Disambar 2023 RSF ta kama Wad Madani. A Fabrairun 2024 Zain da Sudani da MTN duk suka ɗauke. Ɗa ya turo kuɗi daga Jidda, kuɗin sun shiga cikin ƙiftawar ido, amma tsohuwa sai ta nemi inda aka kafa Starlink, ta biya kuɗin zama, kafin ta ga saƙon. Daga nan ta je wurin mai tsabar kuɗi ya yanki rabonsa. Sai ta riƙe kwanon dawa a hannu sannan cinikinta ya faɗa. Wace daƙiƙa biyu za ka gaya mata?

Ban ce fasahar banza ce ba. 'Yan kasuwa na amfani da USDT su kauce wa faɗuwar fam, kuma ba laifinsu ba ne. Amma masu tallan gadoji ba sa son a tuna musu cewa a 2022 ɓarayi sun kwashe sama da dala miliyan 300 a gadar Wormhole, da kusan miliyan 600 a ta Ronin. Kuma wannan "ba a warwarewa" da suke alfahari da shi takobi ne mai kaifi biyu. Ka tura kuɗi zuwa adireshin da ba shi ba, shi ke nan. Ɗan hawala kuwa, duk rashin kirkinsa, an san gidansu, an san limamin unguwarsu.

Hukuma ma ba ta fita ba. A Disambar 2024 aka canza takardun fam 500 da 1,000, aka ce kowa ya zuba tsofaffi a asusun banki. Manomin da bai taɓa shiga banki ba, wanda takardunsa suka salwanta a gudun hijira daga Sinja, ina zai sa kansa? Ga Hausawan Sudan dama sun daɗe suna shan tambayoyi kafin su sami lambar ɗan ƙasa.

Abin da ake buƙata ba sabo ba ne. A Najeriya tun 2011 tsarin NIBSS ke ba mutum damar tura kuɗi daga kowane banki zuwa kowane nan take, duk da ƙorafin "netwok" da muka saba. Babban Bankin Sudan ya tilasta wa bankuna su buɗe wa juna ƙofa, ya ajiye cibiya ta biyu nesa da Khartoum, a samar da biya ta ƙaramar waya maras intanet, a sa wakilai masu tsabar kuɗi a kasuwar Maiurno da ƙauyukan Damazin, da ladan da kowa ya sani.