Targaɗen Da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

Sau huɗu idon sawuna na dama yana gurɗewa cikin shekara biyu. Na farko a filin ƙwallon unguwarmu ne a Gwange, na ƙarshe kuwa ina saukowa ne kawai daga keke napep a ƙofar Jami'ar Maiduguri. Kowane karo magani ɗaya ne: mai ɗori ya murza, a shafa man zafi, a naɗe da bandeji, bayan kwana uku in koma fili.

Sai da na je wajen likitan gashin ƙashi na fahimci abin da ke faruwa. Ashe idan aka yi targaɗe, jijiyoyin da ke riƙe da gefen waje na idon sawu kan saki, ƙafar kuma ta rage saurin sanar da ƙwaƙwalwa yadda ta taka ƙasa. Shi ya sa ɗan tudu ko rairayi kan kayar da kai.

A nan na raba gari da abokaina 'yan ƙwallo. Su a ganinsu filastar nan mai launi, wadda Kenzo Kase na Japan ya ƙirƙiro a shekarun 1970, ta kuma yi tashe a wasannin Olamfik na 2008, ita ce waraka. Ni ma na liƙa, na ji daɗinta, domin takan cire wa mutum fargabar taka ƙafa. Amma ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi, ga shi a zafin Afrilu na garin nan gumi kan ɓamɓare ta kafin la'asar.

Abin da ya yi mini aiki ba shi da kwalliya: tsayuwa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, daga baya ido a rufe, da jan roba da tafin ƙafa, da rubuta haruffa a iska da babban yatsa. Ni har da ɓ da ɗ da ƙ nake haɗawa, tunda ɗalibin Hausa ne.

Wani ƙalubale kuma namu ne, ya 'yan'uwa ɗalibai. Muna da targaɗe da gocewa da tsagewa da karaya, amma wannan mai maimaita kansa duk targaɗe muke ce masa, sai mai shi ya ɗauka ƙaramin abu ne. Ni dai na ba da shawarar "sakin idon sawu". Wanda ke da wadda ta fi, ga fili ga mai doki a fitowa ta gaba.