Makomar sana'ar su ta gado a Tafkin Kainji

A ƙasar Yauri da ke kudancin jihar Kebbi, ba a makaranta ake koyon su ba. Tun yaro yana ƙarami yake shiga kwale-kwalen mahaifinsa, ya koyi jefa birgi da ɗana mamari, ya san makwancin giwan ruwa da lokacin da tarwaɗa ke ƙwai.

Haka gidajen Sarkawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro kogin Kwara daga ƙasar Kabi, suka riƙa miƙa sana'ar daga uba zuwa ɗa tsawon ɗaruruwan shekaru.

Sai dai a yanzu wannan gado yana fuskantar barazana, kuma tambayar da ake yi ita ce ko masu tasowa za su karɓe shi.

Yadda kogi ya zama tafki

Babban sauyin ya faro ne a 1964, lokacin da kamfanin Impregilo na ƙasar Italiya ya fara gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968.

Ruwan da aka tare ya yi tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, ya haɗiye tsohon garin Bussa da gungunan da Gungawa suka yi suna a kansu wajen noman albasa. An sake wa mutane kusan dubu 44 matsuguni.

Da farko masunta sun ga alheri, domin kifi ya yawaita a cikin gonaki da dazuzzukan da ruwa ya mamaye. A 1970 an kama fiye da tan dubu 28. Amma kafin ƙarshen shekarun 1970 adadin ya faɗi ƙasa da tan dubu 5.

Wannan yalwa ta farko ta jawo baƙin masunta daga sassan Najeriya da ƙasashe maƙwabta. Manoman da suka rasa gonakinsu su ma suka rungumi taru. Sana'ar da a da take hannun wasu gidaje sanannu ta zama ta duk wanda ke da kuɗin sayen jirgi da koma.

Raunin ikon Sarkin Ruwa

A tsarin gargajiya, Sarkin Ruwa ne ke faɗin inda za a yi su da inda za a bari kifi ya huta, kuma maganarsa tana da nauyi saboda kowa ya san gidan kowa.

Bayan zuwan tafkin wannan iko ya yi rauni. Aka shiga amfani da dala, wato babbar komar nan mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa domin kama warangi, wadda takan kwashe har da 'ya'yan manyan kifaye tun ba su girma ba.

A 1993 Najeriya da hukumar raya ƙasashe ta Jamus, GTZ, suka soma wani shiri na farfaɗo da su a tafkin. Jihohin Kebbi da Neja suka haramta dala, aka fito da lasisin masunta, aka kuma jawo sarakuna da sarakunan ruwa cikin aikin sa ido.

Duk da haka alƙaluman shirin sun nuna kamun ya sauko daga kimanin tan dubu 38 a 1996 zuwa kusan dubu 13 a 2001. Shirin ya zo ƙarshe, amma talaucin da ke sa masunci ya kama ɗan kifin da ya kamata ya bari bai ƙare ba.

Darasi daga Italiya

A ƙasar da kamfaninta ya gina madatsar, akwai gidajen da suka shafe ƙarnuka a kan sana'a guda. Gidan Antinori na yankin Tuskani yana noman inabi da sarrafa shi tun 1385, zuriya 26 ke nan.

Abin da suke yi da inabin giya ce, wadda Musulunci ya haramta, don haka darasin ba ya cikin hajar. Yana cikin abin da ya riƙe sana'ar: gonar tana hannun iyalin, kuma tun 1963 dokar Italiya ta hana wani ya sayar da kayansa da sunan yankin da ba can aka yi shi ba.

Masuncin Yauri ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Ruwan da ya gada ba nasa ba ne, kuma kifin bandar da matan gidansa suka sha hayaƙi a kansa yakan bar kasuwar Yelwa zuwa kudancin ƙasar ba tare da wata shaida da za ta ƙara masa daraja ba.

Sabbin matsaloli

A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Hare-haren 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan Ngaski da Shanga, kuma a watan Yunin 2021 aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya da ke Birnin Yauri.

Makonni kaɗan kafin nan, a watan Mayu, wani jirgin ruwa maƙare da fasinjoji ya nutse kusa da Warra, inda mutane da dama suka rasa rayukansu.

Haƙar zinariya a yankin ita ma tana janye matasa, domin tana yi musu alkawarin kuɗin da taru ba ya bayarwa.

Masarautar Yauri, ƙarƙashin Sarki Muhammad Zayyanu Abdullahi, ta farfaɗo da bikin Rigata, inda ake tseren jirage da nuna bajintar ruwa. Bikin yana tuna wa jama'a martabar sana'ar, amma ba zai mayar da kifi cikin tafki ba.

Abin da zai yi hakan shi ne a ba sarakunan ruwa ikon da doka ta amince da shi, a tsare wuraren da kifi ke hayayyafa, a kuma samar wa masunta abin dogaro a watannin da aka hana su.

Idan ba haka ba, ilimin da Sarkawa suka tara a kan wannan ruwa, wanda mafi yawansa ba a rubuce yake ba, zai iya tafiya tare da dattawan da ke riƙe da shi.