Ra'ayi: Kafin Damagaram ta yi mafarkin filin wasa irin na Disney, ta fara da akushi da makwanci

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato ko aka shiga babban hutun makarantu, tambaya ɗaya ce ke dawowa a fadojin matasan Damagaram da bakin 'yan garin da ke zaune a Yamai, Kano, Turai ko ƙasashen Larabawa: idan mutum ya zo gida da iyalinsa, ina zai kai su da yamma? Bayan gaishe-gaishen dangi da kallon hawa a ƙofar fada, sai zaman gida. Mai hali yakan hau mota ya nufi Kano, tafiyar kilomita kusan 240, ya kashe kuɗinsa a can. Daga nan sai a ji ana cewa abin da garin ke buƙata shi ne katafaren filin wasanni mai lilo da jirgin yara da wurin ninƙaya, irin waɗanda ake gani a bidiyon TikTok daga Dubai ko Amurka.

Ƙorafin yana kan hanya. Sai dai wanda ya duba yadda waɗancan wuraren ke gudana zai ga cewa lilon ɓangare ɗaya ne kawai na kasuwancin. Sauran yana cikin abin da baƙo zai ci da inda zai kwana, kuma nan ne Damagaram ke da jarin da ba ta fara taɓawa ba.

A ɗauki misalin Walt Disney World da ke jihar Florida ta Amurka, wanda aka buɗe a 1971. Kewaye da filayen wasanninsa akwai otel fiye da 20 mallakar kamfanin, kowanne da irin gininsa da irin girkinsa. An haɗa wasu da jirgin ƙasa mai bin dogo ɗaya a sama, wasu da kwale-kwale, wasu da motocin bas na kyauta. Akwai masu ware yini guda cur ba tare da sun shiga filin wasa ba: su karya kumallo a wannan otel, su zaga su kalli gini da lambu a wancan, su ci abincin dare a na uku. Wasu gidajen abincin ana kama teburinsu tun saura kwana 60. Lissafin a fili yake. Hawa lilo minti biyu ne ko uku, amma mutum yana cin abinci sau uku a rana, kuma dole ya kwanta idan dare ya yi. Wanda ya riƙe cikin baƙo da barcinsa, shi ya riƙe aljihunsa.

Abin lura na biyu shi ne irin hajar da ake sayar wa baƙin. Otel ɗin Animal Kingdom Lodge da aka buɗe a 2001 kwaikwayon Afirka ne: rufi mai kama da na ciyawa, kayan sassaƙa, raƙuman dawa suna kiwo a gaban tagar ɗaki, da gidajen abinci masu girke-girken nahiyar. A filin Epcot kuma akwai ɓangaren Maroko da aka buɗe a 1984, wanda Sarki Hassan na Biyu ya tura magina da masu zane daga ƙasarsa suka ƙawata. An kashe maƙudan kuɗi don a ƙirƙiri tsohon gari na jabu mai lunguna da kasuwa da ƙamshin girki, kuma mutane na biyan dala don su zauna a cikinsa na 'yan sa'o'i.

Damagaram tana da na ainihi. Unguwar Birni na nan da lungunanta da gidajen ƙasa masu zane a fuska da manyan duwatsun da gari ya ginu a tsakaninsu. Fadar Sarki, wadda ta samo asali tun tsakiyar ƙarni na 19, har yau ana zaman fadanci a cikinta, dogarai na tsaye a ƙofa. Akwai ragowar ganuwar Sarki Tanimu, da gidan da aka ce Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a ƙarshen 1852. A wannan gari aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma nan ne fadar mulkin Turawan Faransa a Nijar har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Ga Zango, masaukin ayarin fatake masu ratsa Sahara, ga Kasuwar Dole, ga majema da dukawa waɗanda aikin fatarsu ya yi suna. Tun 2006 Birni da fadar suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO. A wajen gari kuma ga lambunan Mirya, tafiyar ƙasa da kilomita 20, ga tafkin Gidimuni da dabinonsa, ga garin Damagaram Takaya inda masarautar ta samo sunanta.

Ɓangaren ciki ma ba a bar garin a baya ba. Alkakin Damagaram tsaraba ce da ake jira a Yamai. Kilishi, tsire, balangu, dambun zogale, burabusko, waina da miyar taushe, fura da nono, cuku daga arewa, rake daga kudancin jihar, duk ana samun su. Matsalar ita ce wurin zama. Mafi daɗin abincin garin a bakin titi yake, a kan benci, cikin ƙura da hayaƙin kabu-kabu. Namiji zai iya tsayawa wurin mai nama ko mai shayi ya ci ya tashi. Matarsa da 'ya'yansa kuwa sai dai a kai musu a leda. Wurin da magidanci zai shiga da iyalinsa da surukarsa, su sami tabarma ko tebur mai tsabta, ruwan wanke hannu, makewayi, wurin salla da ɗan filin da yara za su yi guje-guje, shi ne ya yi ƙaranci a garin da ƙidayar 2012 ta nuna yana da mutum fiye da 200,000, a jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Nijar.

Otel kuma akwai su, daga tsofaffi irin su Otel Damagaram da Otel Amadu Kuran Daga zuwa ƙananan masaukai na baya-bayan nan. Amma a idon yawancin 'yan gari, otel wurin baƙi ne: ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, jami'an gwamnati da suka zo aiki, mahalarta taron ƙara wa juna sani. Kalmar kanta tana ɗauke da tsohon tabo tun zamanin bariki, lokacin da ake danganta ta da giya da shashanci. Budurwar da aka gani tana fitowa daga otel, ko da shinkafa ta je ci tare da yayyenta, sai ta sha tambaya. Wannan tunani ba ya gushewa da wa'azi ko talla. Yana gushewa ne ranar da mutane suka ga wuri a buɗe, mai haske, babu giya, limamin unguwa ya zo walima a ciki, mata sun yi taron suna a farfajiyarsa. Mai otel ɗin da ya ware daren Juma'a ko Asabar don iyalai, da farashin da malamin makaranta zai iya biya, zai cika kujerun da ke zaune babu kowa tsakanin wannan taro da wancan.

Masu kiran a gina babban filin wasa ya kamata su waiwayi Kano. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, an yi tunanin wuraren shaƙatawa a bakin ruwa, aka samu otel ɗin tafkin Bagauda da na Rock Castle a Tiga. Sun yi tashe, 'yan Kano da baƙi suka riƙa zuwa hutun ƙarshen mako. Da kulawa ta ja baya sai suka dusashe, har Bagauda ta koma reshen makarantar horar da lauyoyi. Ita ma Damagaram ta ga nata. Bikin 18 ga Disamba na 2018, wanda aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa, ya kawo tituna da fitilu da gyare-gyare, garin ya cika da baƙi na 'yan kwanaki. Gina abu don biki ɗaya ba shi da wuya idan gwamnati ta saki kuɗi. Abin da ke da wuya shi ne samun dalilin da zai sa mutane su dawo a watan da babu biki.

Sannan ga ruwa da wuta. Damagaram a kan dutse take zaune, shi ya sa ake janyo mata ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya kuma Ganaram. Duk da haka, da zafi ya kama sai layin jarkoki ya dawo, 'yan ga-ruwa su zama sarakai. Gina wurin ninƙaya da injinan feshin ruwa a garin da mata ke kwana a bakin famfo cin fuska ne. Wutar lantarki ma an ga rauninta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wadda take bai wa Nijar na tsawon watanni. Injin lilo da aka sayo daga China yana buƙatar wuta mai ƙarfi, kayan gyara da ƙwararren makaniki, kuma ranar da ya tsaya da yara a sama, ranar kasuwarsa ta mutu. Gidan abinci kuwa faifan sola kaɗan da firji da tankin ruwa sun ishe shi ya fara.

Idan ana neman abin koyi, birnin Marrakesh na Maroko ya fi Florida kusa. Dandalin Jemaa el-Fna buɗaɗɗen fili ne. Da magariba ta yi sai masu abinci su jera rumfunansu, kowace da lambarta, makaɗa da masu ba da labari su kafa da'ira, 'yan gari da baƙi su cakuɗe. Tsofaffin gidajen cikin ganuwa kuma an mayar da da yawansu ƙananan masaukai. Akwai darasi mai ɗaci a ciki: baƙi 'yan ƙasashen waje sun saye gidaje masu yawa, farashi ya tashi, wasu 'yan asalin unguwa suka koma bayan gari. Birni ba ta buƙatar wannan. Idan za a mayar da wani gida masauki, ya kasance magada ne ke da shi, ko su shiga haɗin gwiwa a rubuce da mai zuba jari.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin garin ba. Ma'aikatar magajin gari za ta iya ware fili ɗaya tsakanin Birni da Zango, ta sa masa fitilu masu aiki da hasken rana, makewayi da masu shara, ta ba masu tsire da waina da fura rumfuna a kan haya mai sauƙi, da sharaɗin tsabta da rubuta farashi a allo. Fada, wadda maganarta ke da nauyi a Birni, za ta iya tsayar da ranaku da lokutan ziyara da kuɗin shiga sananne, a daina dogaro da sa'a da ciniki a bakin ƙofa. Masu otel su daina kallon juna a matsayin kishiyoyi kawai: adaidaita biyu ko uku masu zagayawa tsakanin masaukai, fada, majema da dandalin abinci za su yi aikin da jirgin Disney ke yi, a kan kuɗi kaɗan. Ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou kuma su ne 'yan rakiyar da suka dace, a biya su.

'Yan garin da ke waje su ma suna da rawar takawa. Yawancin kuɗin da suke turowa yana tafiya ne a cefane, biki da ginin gidan da za a rufe wata goma sha ɗaya a shekara. Mutum biyar da suka haɗa hannu za su iya gyara gidan gado ɗaya da yumɓu da azara kamar yadda aka gina shi tun farko, su fitar da ɗakuna shida da tsakar gida ta cin abinci. Wanda ya yi shekaru yana aikin kicin ko karɓar baƙi a Aljeriya, Saudiyya ko Faransa ya dawo da sana'ar da garin ke nema.

Za a ce ai Turawa sun daina zuwa saboda matsalar tsaro a yankin Sahel, kuma talaka na fama da abin da zai sa a tukunya. Duka biyun gaskiya ne. Amma mai sayen farko ba Bature ba ne. Ma'aikatan matatar mai ta SORAZ da ke aiki tun 2011 ne, da malaman jami'a da ɗalibai, da 'yan kasuwar Kano, Daura da Maraɗi, da masu zuwa biki, da 'yan gida da suka dawo hutu. Kuɗinsu yana nan, wani gari ne ke cin sa. Talakan kuma shi ne mai kawo tumatir daga Mirya, mai dakan fura, mai wanke kwanuka, mai tuƙa adaidaita. Matasan Kara-Kara da fim ɗin Aïcha Macky na 2021 ya nuna wa duniya halin da suke ciki, aiki suke nema, kuma gidan abinci ɗaya mai ciniki yana ɗaukar hannaye fiye da injin lilo goma.

A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni, ginin da ya haura shekara 150 yana tsaye. Gidajen ƙasa da ke kewaye da shi suna fuskantar damina iri ɗaya kowace shekara, kuma magada da yawa ba su da abin yin yaɓe, wasu sun gwammace su rushe su sa bulo. Gidan da ke kawo kuɗin kwana da na abinci shi ne za a yi wa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Idan aka jira sai an tara biliyoyin sefa na filin wasa, lokacin da za a buɗe shi wataƙila babu sauran Birnin da za a nuna wa baƙon da ya zo.