GANYE A BANGO BA ISKA BA NE

Jama'a, wani sabon yayi ya shigo manyan ofisoshin duniya. Sai a lulluɓe bangon cikin gini da tsirrai tun daga ƙasa har rufi, a ce wai ma'aikata sun sami iska mai tsabta. Mu dai mun ce wannan yaudara ce.

Asalin maganar daga Amurka take. A 1989 hukumar NASA ta sa tsirrai cikin ƙananan akwatuna rufaffu, ta ga suna tsotse irin gubar da ke fita daga fenti da gam. Amma ai ofis ba akwati ba ne! A 2019 masana biyu na Jami'ar Drexel, Cummings da Waring, suka bi gwaje-gwajen baya, suka tarar sai an jera tsiro 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin su yi aikin da iskar waje ke yi in tana ratsa gini. To, ina akawu zai aje teburinsa?

Ba mu ƙi ganye ba, yana sanyaya ido. Abin da muka ƙi shi ne mai kamfani ya zuba kuɗi a famfo da fitilun raya lambu, ya bar tagogi a toshe, akawu da masinja suna ta hamma da ciwon kai tun kafin azahar. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ya ku ƙungiyoyin ma'aikata, ku tsaya tsayin daka: a auna iskar ofis, a gyara injin shigo da iska, a buɗe taga. Ganye ya biyo baya.